Yatsun Tutiya: Abin Da Ke Shata Iyaka Tsakanin Dabba Da Dabba

 Ga abin da muka tattauna a filin kimiyya na wannan karo, domin waɗanda shirin ya wuce su suna kan hanya, da waɗanda suka ji amma suke son su sake bin sa a natse.

Tambayar da muka ɗauko ba baƙuwa ba ce a kara. Bijimin Turai marar tozo ya barbari Bunaji mai tozo, ta haihu, maraƙin ya girma, shi ma ya haifa. Jaki ya barbari goɗiya, a samu alfadari mai ƙarfi da juriya, amma daga kansa zuriya ta tsaya. Tunkiya da akuya kuwa su shekara goma a garke ɗaya, ba ka ga ɗansu ba. To ina iyakar take, kuma me ya shata ta? Wani ɓangare na amsar yana cikin wani abu ɗan mitsitsi da masana ke kira yatsan tutiya. Sun gano haka ne ta hanyar jera yatsun dabbobi daban-daban suna kwatantawa.

Zaren gado da masu karanta shi

Jikin kowace dabba an gina shi da ƴan ɗakuna ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Masana na ce musu sel. A cikin kusan kowane ɗaya akwai wani dogon zare siriri da ake kira DNA. Shi ke ɗauke da gadon da maraƙi ya samo daga uwa da uba, kamar launin gashi, tsayin ƙaho, yawan nono da juriyar zafi. Rubutu ne, sai dai haruffansa huɗu ne kacal, an laƙaba musu A, C, G da T. Zaren saniya na da haruffa kusan biliyan 3. A 2009 aka wallafa karatunsa na farko, daga wata saniya irin Hereford a Amurka, aka ƙirga ƙwayoyin gado kimanin 22,000 a ciki.

Ƙwayar gado ita ce yankin zaren da ke ɗauke da umarni guda, galibi umarnin ƙera furotin ɗaya. Mun saba jin furotin a zancen abinci mai gina jiki, amma a cikin sel shi ne ma'aikaci. Wani na narkar da abinci, wani na ɗaukar iska a jini, wani kuma aikinsa karanta zaren.

Zaren ba a sake yake ba, an ɗaure shi dami-dami, kowane dami ana ce masa kuromosom. Saniya na da dami 60, akuya 60, tunkiya 54, doki 64, jaki 62, raƙumi 74, mutum 46. Rabi daga uwa, rabi daga uba. Ku riƙe waɗannan alƙaluma, za mu dawo kansu.

To ga abin lura. Zaren da ke cikin sel na hantsa shi ne dai ke cikin sel na gindin ƙaho. Abin da ya sa wannan ke ba da nono wancan ke fitar da ƙaho shi ne, a kowane wuri ana buɗe wasu umarnai a rufe wasu. Ke nan dole a samu masu gane adireshi, waɗanda za su bi haruffa biliyan 3 su tsaya daidai inda aka aike su. Dangi mafi yawa a cikin waɗannan ma'aikata, a jikin mutum da na dabbobin kiwo, su ne masu yatsun tutiya.

Daga ƙwan kwaɗo aka fara

Tutiya, wato zinki, ita ce ƙarfen da ake shafa wa kwanon rufi don kada ya yi tsatsa. Ita ce kuma ke cikin ƙwayar nan da ake bai wa yara masu gudawa tare da ruwan gishiri da sukari. Jikin babban mutum gaba ɗaya ba ya ɗauke da fiye da giram 2 zuwa 3 nata, amma babu rayuwa in babu ita.

A 1985, a birnin Kambrij na Ingila, wani masani mai suna Aaron Klug da abokan aikinsa suna nazarin wani furotin da suka tatso daga ƙwan wani kwaɗon ruwa na kudancin Afirka. Shi kansa Klug a Lituweniya aka haife shi, a Durban ta Afirka ta Kudu ya tashi, kuma ya riga ya karɓi kyautar Nobel a 1982 kan wani aikin. Sai suka lura furotin ɗin na da wani tsari da ke maimaita kansa sau tara, kuma kowane maimaici na riƙe da ɗigon tutiya ɗaya.

Furotin kamar tsakiya yake, duwatsu ne aka jera a zare, ana ce wa duwatsun amino asid, iri 20 ne. Kowane yatsa na da duwatsu wajen 30. Huɗu daga ciki, biyu masu suna sistin da biyu masu suna histidin, su ke kama tutiyar ta kusurwa huɗu, kamar yadda shika-shikai ke riƙe rumfa. Da tutiyar ta zauna sai sauran duwatsun su lanƙwashe su fito kamar yatsa. In aka cire ta, yatsan ya saki, ba ya kama komai.

Kowane yatsa na taɓa haruffa wajen uku a jikin zaren. Yatsa ɗaya ba ya isa gane adireshi, domin haruffa uku na maimaituwa ko'ina. Amma a jera yatsu shida, ka ga an karanta haruffa 18 a jere, kuma da wuya a samu irin wannan jeri a wurare da yawa. A nan dabarar take: a ƙara yatsa, a rage yatsa, ko a canja duwatsu uku ko huɗu na bakin yatsa, sai furotin ya koma neman wani adireshi dabam. Mutum na da ƙwayoyin gado wajen 700 masu ƙera irin wannan furotin, cikin kimanin 20,000 da yake da su.

Yadda ake kwatantawa

Dattijon makiyayi in ya ga tsagar kunne ko lalas a jikin saniya, yakan faɗi gidan da ta fito, har ya ce wannan shaida da waccan asalinsu ɗaya, ƴan'uwa ne suka raba gado kowa ya ɗan ƙara nasa. Aikin masana ya yi kama da haka. Sukan ɗauki furotin ɗaya daga saniya, da doki, da kaza, da mutum, su jera duwatsunsa a kwamfuta sahu-sahu, su duba inda suka dace da inda suka saɓa.

Abin da suke nema biyu ne. In wuri ya zauna iri ɗaya a dabbobin da suka yi nisa da juna, alama ce cewa duk ɗan da aka haifa da canji a wurin bai yi rai ba, ko bai bar zuriya ba. In kuwa wuri na canjawa da sauri fiye da maƙwabtansa, alama ce cewa akwai abin da ke kora, sabon salo na cin riba kan tsoho. Makiyayi ya san wannan a aikace. Wanda ke zaɓen bijimi shekara bayan shekara yana sauya kamannin garkensa, haka ma fari da cuta ke nasu zaɓen ba tare da shawara da kowa ba. Da aka yi wa yatsun tutiya wannan kwatanci, sai suka rabu gida biyu.

Gidan farko: waɗanda suka ƙi canjawa

Akwai wani furotin mai suna CTCF, mai yatsu 11. A jikin kaza aka fara gano shi, a 1990. Aikinsa naɗe zaren gado madauki-madauki da kafa shinge, don kada umarnin da aka bai wa wata ƙwayar gado ya tsallaka ya tada maƙwabciyarta. Da aka jera na kaza da na ɓera da na mutum, sai aka ga yatsun 11 kusan sak suke, alhali masana na lissafin cewa hanyar tsuntsaye da ta dabbobi masu shayarwa ta rabu fiye da shekara miliyan 300. An gwada cire shi a ɓera, ɗan tayin ya mutu tun farkon ciki. Abin da ke riƙe da adireshi dubbai a lokaci guda ba ya jure gyara, domin canjin yatsa ɗaya zai ɓatar da su duka.

Kwatanci ya taɓa ceton masana daga kuskure ma. A 1987 wani masani a Amurka, David Page, ya gano wata ƙwayar gado mai yatsu 13 a kan damin Y, damin da namiji kaɗai ke da shi. Aka sa mata suna ZFY, aka ɗauka ita ce ke mayar da ɗan tayi namiji. Shekara ɗaya bayan haka, masana a Ostareliya suka nemi irinta a dabbobin can masu goyon ɗa a jaka, dangin kangaru. Sun same ta, amma a kan damin da mace da namiji duk suke da shi. Abin da mace ma ke ɗauke da shi daidai da namiji ba zai zama shi ke raba su ba. Aka koma nema, a 1990 aka gano ta ainihin, mai suna SRY.

ZFY ba ta tashi a banza ba. Tunda daga uba zuwa ɗa namiji take bi, tana cikin alamomin da ake bin sawun bijimai da su. Irin wannan bin sawu ya nuna abin da ya shafi garkenmu kai tsaye. Shanu marasa tozo an fara kiwonsu a Gabas ta Tsakiya wajen shekara 10,000 da suka wuce, masu tozo kuma a kwarin kogin Indus, yankin Pakistan ta yau, wajen shekara 8,000. Da aka duba shanun Afirka masu tozo, sai aka ga gadon da ke bi ta uwa zalla na marasa tozo ne, damin Y kuwa galibi na masu tozo ne. Ma'ana, bijimai aka fi shigo da su daga gabas, suka barbari shanun da suka tarar. Bunaji, Rahaji, Bokolo da Azawak duk ƴan ruwa biyu ne tun asali.

Gida na biyu: masu tsere

Kusan rabin zaren gadon mutum ba umarnin gina jiki ba ne. Wasu guntayen rubutu ne masu kwafar kansu su liƙa a wani wuri, kamar ƙuduji a gona. In ɗaya ya faɗa tsakiyar ƙwayar gado mai amfani, yana iya lalata ta. Saniya ma cike take da su. Mafi shahara a jikinta ana ce masa BovB, kuma a 2013 masana a Adelaide ta Ostareliya suka nuna cewa na saniya ya fi kama da na macizai da ƙadangaru fiye da yadda dangantaka za ta bayar. Doki na da shi, amma mutum da ɓera ba su da shi. Sun kuma samu irinsa a jikin kaska mai shan jinin dabbobi masu rarrafe, shi ya sa suke zargin irin waɗannan masu shan jini ne suka tsallakar da shi tun zamani mai nisa.

Jiki na da masu gadi. Wani reshe ne na masu yatsun tutiya da ake kira KRAB: yatsun su gano guntun, ɗaya ƙarshen furotin ɗin ya kira masu rufewa su danne wurin. Mutum na da irinsu wajen 350, ɓera ya fi haka, kaza kuwa ƴan kaɗan gare ta. Kowace dabba da nata, domin kowace da nata ɓarayin. A 2014 masana a Kalifoniya suka bi tarihin wani mai gadi mai suna ZNF93. Ya daɗe yana danne wani guntu mai suna L1, har wani reshen L1 ya yar da haruffa 129, daidai wurin da yatsun ke kamawa, ya kuɓuce ya ci gaba da yaɗuwa. Ƴan kasuwar kan iyaka ba sa buƙatar dogon bayani a nan: a kafa shinge a wannan hanya, a ɓullo da wata, a sake kafa sabo. Ta haka ƙwayoyin KRAB ke yawaita, ana kwafar tsohuwa, yatsun kwafin su sauya, su kama sabon ɓarawo.

PRDM9, mai cewa ga inda kasuwa za ta ci

Yanzu mun iso ga wanda ya fi kusa da tambayarmu. Lokacin da bijimi ke ƙera maniyyi, ko saniya ke ƙera ƙwan haihuwa, damin da ya zo daga uwa da takwaransa da ya zo daga uba sukan jeru kafaɗa da kafaɗa, a yanka su, su yi musayar guntaye, sannan a raba su. Wannan musaya na cikin dalilan da suka sa maruƙa biyu uwa ɗaya uba ɗaya ba sa zama iri ɗaya. Ita ce kuma ke taimaka wa kowane dami ya gane abokinsa. In ba su jeru daidai ba, aikin ƙera maniyyi yakan tsaya.

Musayar ba ko'ina take faruwa ba, tana da matattara, kamar yadda kasuwa ke da wurin ci. A 2010 ƙungiyoyin masana uku suka nuna cewa, a mutum da ɓera, furotin PRDM9 ne ke sa alama a waɗannan matattarai, da yatsunsa na tutiya yake gane su. Daga baya aka ga hannunsa a shanu ma. Wani nazari na 2015 a kan shanun Holstein fiye da rabin miliyan a Amurka ya samu PRDM9 cikin ƙwayoyin da ke juya musayar, ya kuma nuna cewa bijimi ya fi saniya yawan musaya, akasin mutum inda mace ta fi.

Yatsun PRDM9 na cikin abubuwan da suka fi saurin canjawa a jikin dabbobi masu shayarwa. Haruffan zaren mutum da na birin cimfanzi sun dace kusan kashi 99 cikin 100, amma matattaran musayarsu kusan duk daban suke, saboda yatsun sun bambanta. Har tsakanin mutane akwai bambanci. Nau'in da ake kira A, mai yatsu 13, shi ya mamaye Turai. A Afirka ta Yamma nau'o'in sun fi yawa, kuma akwai wani mai suna C da ba kasafai ake samunsa a Turai ba. A 2011 an gano matattarai kusan 2,500 da ke aiki a jikin masu asali da Afirka ta Yamma, waɗanda a jikin Turawa kusan shiru suke.

Me ke korar sa haka? Shi da kansa. Duk inda ya sa alama, nan ake yanka, kuma wajen ɗinke yankan ana kwafo rubutu ne daga ɗaya damin da ba a yanka ba. In wancan damin ba shi da adireshin cikakke, to adireshin ya goge. Zuriya bayan zuriya, wuraren da ya fi so su ne ke fara ƙarewa, kamar garken da ya cinye makiyayar da ya fi so. In aka haifi wani da sabon salon yatsu, ya samu sabuwar makiyaya da ba a taɓa ba, sai ya fi haihuwa, salonsa ya yaɗu, har ita ma ta ƙare.

Ga inda iyaka ke fitowa. A Turai akwai ɓerayen gida iri biyu, na yamma da na gabas, sun haɗu a wani siririn layi da ya taso daga Danmak ya ratsa Jamus ya gangara zuwa Bahar Aswad. A wasu haɗe-haɗen tsakaninsu, ƴaƴa maza ba sa haihuwa. Wani masani a birnin Firag, Jiri Forejt, ya fara bin dalilin tun 1974, sai a 2009 shi da abokan aikinsa suka tabbatar PRDM9 na tsakiyar lamarin. A jikin ɗan ruwa biyu, yatsun yamma sun riga sun cinye wurarensu a damin yamma, sai su tafi su yi ta sa alama a damin gabas, na gabas kuma su koma na yamma. Yankan sai ya faɗa gefe ɗaya, abokin damin ba shi da alama a daidai wurin, su kasa jeruwa. A 2016 masana a Oksfod suka cire yatsun PRDM9 na ɓera suka sa na mutum, waɗanda ba su taɓa kiwo a ko wanne dami ba. Ƴan ruwa biyun suka koma haihuwa.

Wani abin mamaki, kare da danginsa irin su kyarkeci da dila sun rasa PRDM9 mai aiki, tsuntsaye da kada ma ba su da shi, kuma suna haihuwa lafiya. A jikinsu musayar na faruwa a bakin ƙwayoyin gado, inda zaren ke buɗe, kuma matattaran kan daɗe ba su gusa ba.

Mu dawo garke

Alfadari na da dami 63, wato 32 daga goɗiya, 31 daga jaki. Ba yawan kaɗai ya bambanta ba, tsarin damin doki da na jaki ma ya saɓa sosai, shi ya sa ba sa jeruwa. Nadiran alfadara takan haihu, kamar yadda aka gani a Maroko a 2002. Tunkiya 54, akuya 60: ciki kan shiga wani lokaci, amma galibi ya zube. An ba da rahoton wani da ya rayu a Botsuwana a 2000, ɗan rago da akuya, mai dami 57, shi ma bai haifa ba. Raƙumi mai tozo ɗaya da mai tozo biyu duk 74 ne, ana haɗa su a Turkiyya da Kazakistan, ƴaƴan na haihuwa.

Amma fa daidaiton lissafi ba ya wadatarwa. A tsaunukan Tibet da Nefal ana haɗa saniya da yak, wata dabba mai dogon gashi. Duka 60 ne, amma namijin da aka haifa ba ya haihuwa, macen ce ke haihuwa. Ɓerayen Turai ma yawan daminsu ba shi ne matsalar ba. Iyaka tsakanin iri da iri ba katanga ba ce da ta tashi rana ɗaya, taruwa take a hankali muddin garke biyu sun daɗe a rabe. Masu tozo da marasa tozo sun rabu tun kakanninsu na daji, dubban ɗaruruwan shekaru, amma ratar ba ta kai ta rufe hanya ba. Shi ya sa bijimin Turai ke haihuwa da Bunaji, ɗan ma ya haifa.

Cewa haɗi zai yiwu ba ya nufin riba ce tsantsa. Akwai wata ƙwayar gado mai yatsun tutiya, PLAG1, a dami na 14 na shanu. A 2011 masana na Beljiyam da Niyu Zilan suka nuna cewa wani canji kusa da ita na ƙara tsawo da nauyi. Yankin da ya yi daidai da wannan a jikin mutum ma na da hannu a tsawo. Da aka duba shanun Brahman masu tozo a Ostareliya, sai aka ga nau'in mai ƙara girma na tafe da jinkirin balaga. Ga mai sayar da sa a kara, girma kuɗi ne. Ga mai jiran karsana ta fara haihuwa, jinkirin asara ce. Kafin a biya kuɗin bijimin waje ko allurar barbara, a tambayi likitan dabbobi abin da za a samu da abin da za a rasa, da ko ɗan zai jure tafiyar rani.

Tambayoyin da aka fi yi mana

*In na ba dabba tutiya da yawa, za ta fi haihuwa?* In tana da ƙarancinta, magance shi na taimakawa. Alamun ƙarancin sun haɗa da kaurin fata da tsagewarta a hanci, wuya da ƙafafu, zubewar gashi, jinkirin warkewar rauni, rashin girma, da ƙanƙancewar maraina a raguna. Amma waɗannan alamu na kama da na ƙazuwa da wasu cututtukan fata, don haka a nuna wa ma'aikacin dabbobi. Yawancin gishirin lasa na kamfani na da tutiya, a sa a karanta takardar jikinsa. In ta yi yawa tana hana jiki shan tagulla, wadda ita ma dabba na buƙata.

*Akwai maganin da zai sa alfadari ya haifa, ko ya sa saniya ta riƙa haifar mata zalla?* Babu hoda ko allurar kasuwa da ke canja rubutun zaren gado. Tutiya na riƙe yatsa ne ya tsaya, ba ta canja adireshin da yake karantawa. Jinsin maraƙi kuwa daga maniyyin bijimi yake, ko mai ɗauke da X ko mai ɗauke da Y. Wanda ya tallata muku irin wannan magani a tasha, ku riƙe kuɗinku.

*Me ya sa ake cewa a adana irin gida?* Domin musayar da muka yi bayani ba ta ƙirƙiro abin da babu, abin da ke akwai take cuɗawa. Kuri ta tafkin Cadi mai iyo tsakanin tsibirai, da Ndama mai jure sammore a ƙasar ƙudan tsando, kowace na ɗauke da gadon da aka tace cikin ƙarnuka. In kowa ya bi bijimi iri ɗaya, wannan gado ya narke, babu inda za a sayo shi. Haka a ƙaramin garke, bijimi ɗaya ya daɗe har ya barbari ƴaƴansa, munanan gadon da ke ɓoye sai su haɗu su fito. Tsohuwar al'adar aron bijimi da musayarsa tsakanin rugage na da hujja mai ƙarfi a kimiyya.

A nan za mu dasa aya. Masu ƙarin tambaya su aiko ta hanyoyin da muka saba, ko su ba wakilanmu a ranar kasuwa. Allah ya kiyaye hanya, ya albarkaci garke. Mu kwana lafiya.